Landirobar Kawu Mudi

Shekara goma sha tara tana kwance
ƙarƙashin darbejiyar gidansu a Mai Wurno,
tayoyinta huɗu sun nutse a ƙasa,
kaji sun mai da kujerar direba akurki.
Ranar da na ɗaga murfin injin
kunama ce ta fara yi min maraba.

Na saye ta a hannun magada
kan buhun dawa shida da ɗan maraƙi.
Na ce, takardu fa?
Aka jawo adaka daga ƙarƙashin gado, muka buɗe.
Ashe gara ta riga mu karantawa.
Ta bar mana gefen hatimi
da rabin gemun Kawu a jikin hoto.

Damina biyu ina kwance a ƙarƙashinta,
tsatsa na zuba min a ido.
Lagireta daga Wad Madani,
kafireta daga cikin wata gawar mota a Kosti,
fitilar hagu kuwa ta tarakta ce,
shi ya sa take kallon mutane a karkace.
Wata Laraba bayan la'asar ta yi tari sau uku,
ta tofar da baƙin hayaƙi, ta kama.
Awakin unguwa suka watse.
Na zauna a ƙasa ina dariya da hawaye.

A ofishin lasin na Sinnar
fanka na juyawa, ba ta kawo komai.
Ma'aikacin ya kurɓi shayi ya ce, wa ya sayar wa marigayin?
Na ce, wani Bagirke mai injin gurzar auduga.
Ina Bagirken?
Ya bar ƙasar tun kan a yi maka kaciya.
Bai yi dariya ba. Ya ce, lambar ƙashin bayanta.
Na miƙa masa takardar da na goga da fensir a kan ƙarfe:
lambobi bakwai a tsaye,
ta takwas tsatsa ta cinye mata kai,
ko uku ce, ko takwas, Allah masani.
Ya ce, motar da ba ta da asali
a wurinmu ba a haife ta ba.
Kawo shaidu biyu, ka yi rantsuwa gaban alƙali,
a manna sanarwa, a jira mai ja.

Shaida ɗaya ladan Sanusi, wanda ya sha tura ta da asuba.
Ta biyu Inna Batula, da sanda da gorar ruwa.
Alƙali ya ce, kin san motar nan?
Ta ce, na san ta fiye da kai da kujerarka.
A bayanta na durƙusa,
tsakanin gonar rake da gadar madatsa,
asibiti bai ga komai ba sai wanka.
Ta nuna ni da sanda.
Ga abin da ya fito nan, da baƙin mai a farce.

Ni ma fa ba takarda na zo.
Likita ne ya duba haƙorana ina ɗan makaranta
ya yanka min shekaru,
ya ba ni ɗaya ga Janairu
kamar yadda ya ba rabin ajinmu.

Yau kwana ashirin da shida da manna sanarwa.
Rana ta fara cin tawadar.
Ba wanda ya zo ya ce tasa ce.
Ma'aikacin ya ce fayil ya tafi Singa,
in dawo bayan Sallah.

Da dare, in gari ya yi shiru,
nakan tashe ta a hankali,
mu bi gefen Nilu ba lamba gaba, ba lamba baya,
Inna a kujerar kaji, ta riƙe ƙofar da ba ta kulluwa,
tana cewa in rage gudu,
wai nan ne, daidai wannan ramin.